Aron sabis: An ceci kamfani, saura mai riƙe da waya a Tafa

A tsakiyar 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da wata yarjejeniya ta shekara uku tsakanin MTN da 9mobile, kamfanin da ya sauya suna zuwa T2 a watan Agustan shekarar. A ƙarƙashinta, mai layin 9mobile da ya shiga wurin da kamfaninsa ba shi da sabis zai iya kira, ya tura saƙo, ya hau intanet ta kan ƙarafan MTN, da lambarsa da katinsa, ba tare da ya cire sim daga waya ba. Labarin ya fito a shafukan kasuwanci, masu hannun jari suka yi lissafinsu, aka wuce. Amma yarjejeniyar ta tabbatar da abin da ya fi ƙarfin shafin kasuwanci: layin kamfani ɗaya na iya aiki a kan sabis ɗin wani kamfani a cikin Najeriya, kuma babu wata fasaha da ake jiran isowarta kafin hakan ya yiwu. Abin da ya rage shi ne a san wa ya cancanci wannan aron sabis, kuma a wane hali.

Babu inda tambayar ta fi nauyi kamar garuruwan da ke bakin Abuja ta hanyar Kaduna, musamman Ƙaramar Hukumar Tafa ta Jihar Neja. Sunan hedikwatarta kaɗai ya isa tarihi: Sabon Wuse, inda aka tsugunar da mutanen Wuse bayan an tashe su domin gina babban birnin tarayya. Maƙwabciyarta Suleja kuwa sunanta ma ta bayar, domin ita ce Abuja ta asali kafin sabon birni ya karɓe sunan, ita kuma ta ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Yau makwanci yankin yake bayarwa. Ma'aikacin da albashinsa ba zai kama masa ɗaki biyu a Garki ko Kubwa ba, a Gauraka yake kwana, ko Madalla, ko Sabon Wuse, ya yi sammako ya bi ta Zuba ya shiga gari, ya dawo bayan isha'i.

Ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, Dutsen Zuma shi ne babbansu, kuma unguwanni na tsirowa da sauri fiye da yadda kamfanoni ke kafa ƙarafa. Kowane mazaunin yankin ya san layin da ke ja a unguwarsu, da wanda sai an fita ƙofar gida ko an hau tudu. Layin da ya yi wa ma'aikaci hidima a Sakatariyar Tarayya da rana, shi ne zai iya yin gum a gida da dare.

Da lambar waya ta hira ce kawai, da abin ya zo da sauƙi. Tun daga Disambar 2020 gwamnati ta wajabta ɗaure kowane layi da lambar NIN. Banki ya ɗaure asusu da layi, alat ɗin albashi ta nan yake shigowa, lambobin sirri da ake turowa kafin a amince da tiransifa ta nan suke zuwa. Ofisoshin gwamnati kuma na ƙaura daga fayil ɗin takarda zuwa na kwamfuta, sanarwar taro da umarnin darakta sun koma WhatsApp. Hadimin minista ko na ɗan majalisa kuwa aikinsa duka shi ne a kira shi a same shi. Idan maigida ya kira sau uku da tsakar dare aka ce layin ba ya shiga, ba kamfanin waya za a tuhuma da safe ba.

Maganin da mutane suka samo wa kansu shi ne layi biyu ko uku, da waya mai cin sim biyu, wani lokacin har da ƙaramar waya ta daban a aljihu. Kowane layi na son kati, yana son data, kuma idan aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani ya karɓe abinsa. A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Wannan ciyar da layuka haraji ne da babu majalisar da ta zartar da shi. Kuma bai ma magance ciwon ba, domin lambar sirrin banki ba ta san layi na biyu ba. Wanda aka yi rajista da shi take bi, ko yana da sabis ko ba shi da shi.

Mai son ganin inda matsalar take, wayarsa ta ishe shi. Idan ya shiga saitinta ya sa ta nemo sabis da kanta, za ta jero masa sunayen duk kamfanonin da ƙarafansu ke kusa. Wayar na jin su duka. Abin da ke faruwa shi ne idan ta ƙwanƙwasa ƙofar wani kamfani, na'urarsa ta duba sim ɗin ta ga ba na gida ba ne, kuma babu yarjejeniyar karɓar baƙo, sai ta ƙi buɗewa. A lokacin ne fuskar waya ke nuna cewa kiran gaggawa kaɗai zai tafi. Wannan wayar da wannan sim ɗin, idan mai su ya sauka Jidda aikin Hajji, nan take za su hau sabis ɗin kamfanin Saudiyya, domin akwai yarjejeniya. Ƙofar da aka rufe a Tafa da takardar ciniki aka rufe ta.

An sha sassauta ɗaurin da ke tsakanin mai waya da kamfaninsa, kuma kowane sassauci sai da aka yi masa turjiya. Waɗanda suka riƙe wayoyin Starcomms da Multi-Links da Visafone ba su manta zamanin da waya da layi suke abu ɗaya ba. Da kamfanonin suka durƙushe ko aka saye su, kamar yadda MTN ta saye Visafone a 2016, wayoyin suka zama kayan wasan yara. Har yau ragowar wannan ɗabi'a na nan a ƙananan na'urorin raba intanet da kamfanoni ke sayarwa a kulle, waɗanda ba sa karɓar sim ɗin kowa sai nasu, da wayoyin hannu da ake shigowa da su daga Amurka a kulle, sai an kai su wurin masu gyara a Banex ko kasuwar waya ta Suleja an biya kuɗin buɗewa. Ingila ta hana kamfanoni sayar da waya a kulle tun Disambar 2021. Wanda ya biya kuɗin na'ura cif ya kamata a buɗe masa ita kyauta, wannan ba ya bukatar dogon taro.

Sassauci mafi girma ya zo ranar 22 ga Afrilun 2013, lokacin da NCC ta ƙaddamar da tsarin sauya sheƙa da lamba. Mutum ya je shagon sabon kamfani da shaidarsa, ya cike takarda, ya tura saƙo zuwa 3232, ya koma can da tsohuwar lambarsa, kyauta. Masu kallon talabijin za su tuna yadda ɗan wasa Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, ya bar tallar Etisalat ya ɓulla a ta MTN a daidai wannan lokaci. Tsarin ya yi amfani, ya ba mai waya sandar da zai nuna wa kamfani. Sai dai saki ne da sabon aure. Ragowar kati da data ba sa bin mutum, kuma akwai wa'adin da zai zauna kafin ya sake ƙaura, wanda a farkon shirin kwana 90 ne. Ma'aikacin da yake kwana a Sabon Wuse ya wuni a Maitama ba ƙaura yake nema ba. Idan wutar murhunsa ta mutu, so yake ya ɗebo a maƙwabta ya dawo gidansa.

NCC ta san da wannan tun da daɗewa. Daga 1 ga Agusta zuwa 31 ga Oktoban 2020, a zamanin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta ba MTN da 9mobile izinin gwada aron sabis a wasu ƙananan hukumomin Jihar Ondo, kuma a 2021 ta fitar da ƙa'idojinsa. Amma ƙa'idojin magana ce tsakanin kamfani da kamfani: ɗaya ya nema, su zauna su daidaita farashi. Mai riƙe da waya ba shi da kujera a wurin. Shi ya sa aka shafe kusan shekara biyar tsakanin gwajin Ondo da yarjejeniyar 2025, kuma da ta zo, larurar kamfani ce ta kawo ta. 9mobile da ta taɓa riƙe layuka fiye da miliyan 20 ta faɗo ƙasa da miliyan 4 a farkon 2025, ƙarafanta da yawa sun daina aiki, mutane na ta ficewa. An ara mata sabis domin ta rayu, kuma babu laifi a hakan; kasuwa mai kamfani huɗu ta fi mai uku alheri ga mai saye. Abin dubawa shi ne mafi yawan 'yan Najeriya, masu layin MTN da Airtel da Glo, ba su samu komai a ciki ba. Idan sabis ɗinsu ya ɗauke, ƙarfen maƙwabci na tsaye a gabansu ba zai amsa musu ba.

Akwai abin mamaki a nan ga wanda ya san tarihin harkar. Tun 2007 kamfanin Celtel, kakan Airtel na yau, ya shigar da Najeriya da Nijar cikin tsarinsa na sabis ɗaya, yadda ɗan kasuwar Katsina zai shiga Maraɗi da layinsa kamar yana gida. An cire shingen da ke tsakanin ƙasa da ƙasa saboda kamfanin ɗaya ne, an bar wanda ke tsakanin ƙarafa biyu a bakin titi ɗaya saboda masu su daban ne.

Kamfanoni na da hujjojinsu, kuma wasu na da nauyi. Mafi ƙarfi ita ce ta zuba jari. Kafa ƙarfe a ƙauye kuɗi ne masu yawa, ga dizal, ga batura, ga mai gadi, ga ɓarayin janareta. Idan doka ta ce duk wanda ya kafa dole ya buɗe wa abokan hamayyarsa a ko'ina kuma a kowane lokaci, kowa zai naɗe hannu yana jiran wani ya kafa, ƙarshenta babu wanda zai kafa. Akwai kuma batun girma: MTN na riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar, kuma idan ƙananan kamfanoni suka zama 'yan haya a gidanta, gasa za ta zama ta suna kawai. Sai batun bashi, wanda ba sabo ba ne. A watan Janairun 2024 NCC ta kai ga amincewa a yanke kiran masu layin Glo zuwa MTN saboda bashin haɗa kira, kafin aka sasanta. Wanda bai biya kuɗin haɗa kira a kan kari ba, ba za a ga laifin wanda ya ji tsoron ara masa ƙarfe ba.

Waɗannan hujjoji sun isa su hana aron sabis na sakaka, a ko'ina, har abada. Ba su isa su hana shi a lokacin larura ba, kuma nan ne wannan jarida ke ganin ya kamata NCC ta sa hannu.

Larura ta farko ita ce ɗaukewar sabis. Ranar 28 ga Fabrairun 2024 masu layin MTN a sassa da dama na ƙasar sun wuni sa'o'i ba kira ba data, kamfanin ya ce igiyoyinsa na faiba ne aka yanke a wurare da yawa. NCC da kanta ta ce an yanke irin waɗannan igiyoyi fiye da sau 50,000 a 2024, kuma aikin hanya ne ya jawo mafi yawansu. Titin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya ratsa Tafa, shekaru ke nan yana hannun 'yan kwangila, katafila na haƙa a inda igiyoyin ke kwance. A 2025 hukumar ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a idan babbar matsala ta auku, su kuma biya diyya idan ta wuce sa'a 24. Diyyar data bayan kwana biyu ba ta da amfani ga wanda ya kasa kiran likita jiya. Abin da ake bukata shi ne umarni cewa idan sabis ɗin kamfani ya ɗauke a wani yanki fiye da ƙayyadadden lokaci, sauran su karɓi masu layinsa, ko da kira da gajeren saƙo ne kawai, har ya farfaɗo. Taƙaita shi ga kira da saƙo zai hana cunkoso ya kayar da mai masaukin shi ma.

Wasu ƙasashe sai da suka sha wuya suka koyi wannan. A watan Yulin 2022 sabis ɗin kamfanin Rogers ya ɗauke a Kanada kusan wuni guda, har kiran gaggawa ya gagara ga mutane da yawa. Gwamnati ta tara kamfanonin ta ba su wa'adi, cikin wata biyu suka rattaba hannu kan karɓar juna a lokacin gaggawa. A Yukiren, makonni kaɗan bayan fara yaƙi a 2022, manyan kamfanoni uku na ƙasar suka buɗe wa juna ƙarafansu. Babu wanda ya karye a cikinsu saboda haka.

Za a ce ai akwai 112, kuma ƙa'idar GSM ta tanadi cewa kiran gaggawa ya bi ta kowane ƙarfe da waya ta samu. Haka ne. Amma a ƙarshen 2023 da farkon 2024, lokacin da 'yan bindiga suka addabi Garam da ƙauyukan Tafa da ke iyaka da Bwari, duk wanda ya san zaman irin waɗannan garuruwa ya san lambar da ake fara nema cikin dare: ta shugaban 'yan banga, ta DPO, ta maƙwabcin da ke da mota, ta ɗan'uwa soja. Lambobi ne na yau da kullum, kuma ba sa tafiya sai da sabis ɗin kamfanin mai kira. Haka abin yake a ranar haɗari a kan titi, irin fashewar tankar mai a mahaɗar Dikko ranar 18 ga Janairun 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 80. A irin wannan rana dubban mutane ke neman 'yan'uwansu a lokaci ɗaya, kuma kowane ƙarfe da ke kusa ya kamata ya zama na kowa.

Hali na biyu ya fi sauƙin hukunci, domin kuɗin jama'a ne a ciki. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF domin kai sabis wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba, kuma Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya sanar da shirin kafa dubban ƙarafa a karkara da hannun gwamnati. Ƙarfen da aka kafa da kuɗin jama'a bai kamata ya tambayi ɗan ƙasa launin sim ɗinsa ba. Indiya ta bi wannan hanya a watan Janairun 2025, ta buɗe ƙarafan da asusun gwamnati ya biya domin masu layin BSNL da Jio da Airtel su hau ƙarfe ɗaya. Hujjar zuba jari ba ta da wurin zama a nan, tunda jarin na baitulmali ne. Sharaɗin ya kamata ya shiga takardar kwangila tun kafin a zuba kankaren farko, domin bayan an miƙa ƙarfe ga kamfani, kwance ɗaurin shari'a ce ta shekaru.

Aron sabis ba zai haifar da sabis a inda babu ƙarfen kowa ba, kuma yana da wata iyaka da ba a cika faɗa ba. Yawancin ƙarafan ƙasar nan ba na kamfanonin waya ba ne, na kamfanonin haya ne irin su IHS da American Tower, kuma sau da yawa ƙarfe ɗaya ne ke ɗauke da na'urorin kamfani biyu ko uku. Idan janaretansa ya tsaya, duka suke yin shiru tare. Saboda haka ne ya kamata a gwada kafin a yi doka ta ƙasa baki ɗaya, kuma gwajin ya zama a wurin da za a ga sakamakonsa da ido.

Tsakanin Zuba da garin Tafa akwai duk abin da mai gwaji ke bukata: babban titi mai cike da tireloli dare da rana, unguwanni masu cunkoso, ƙauyuka a bayan duwatsu, iyakar Neja da Kaduna da Babban Birnin Tarayya, da dubban ma'aikata da ke ratsa yankin sau biyu a rana, waɗanda za su iya faɗin inda kira ya yanke da lokacin da ya yanke. Daga hedikwatar NCC a Maitama zuwa can tafiyar da ba ta kai wuni ba ce, je ka dawo. Shugaban hukumar, Dakta Aminu Maida, ba ya bukatar sabuwar doka kafin ya kira kamfanoni huɗu ya sa su gwada na wata shida. Farashin da kamfani zai biya ɗan'uwansa hukumar ce za ta ƙayyade, kamar yadda take ƙayyade na haɗa kira, tare da ajiyar kuɗi a gaba domin maganin masu taurin bashi. Mai waya kuwa kuɗin da ya saba biya zai biya, kada aro ya zama wata ƙofar zaftare kati.

Da yawa daga cikin waɗanda za su rubuta takardar da za ta kai wannan magana teburin minista, ko su tsara tambayoyin da kwamitocin sadarwa na Majalisar Dattawa da ta Wakilai za su yi wa NCC ranar kare kasafi, a wannan titin suke kwana suna tashi. Tambayar farko da za su iya sakawa a takardar mai sauƙi ce: layuka nawa ne suka hau sabis ɗin MTN tun da yarjejeniyar T2 ta fara aiki, a waɗanne jihohi, kuma ko ingancin kira ya ragu ga masu layin MTN a wuraren. Kamfanonin biyu na da alƙaluman, hukumar na da ikon karɓarsu ta buga, kuma yarjejeniyar za ta cika wa'adinta a 2028.